Taku Ashirin Da Biyar

Masu karatu, yau ba zan yi muku dogon gaishe-gaishe ba. Gwiwata ta hagu a naɗe take da bandeji, cajin wayata ya kusa ƙarewa, kuma akwai abin da nake so in rubuta tun ban fara nema wa kowa uzuri ba. Zan faɗi abin da ya faru yau Talata, da lokacin da ya faru. Hukunci naku ne.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata goma sha tara, ina ajin farko a jami'a, sashen kimiyyar sinadarai. A gida Auta ake ce mini. A filin wasa kuwa Sabuwa, don har yanzu babu wadda ta ga dalilin koyon sunana. Gudun mita ɗari nake yi. Shi ya ba ni gado a ɗakin kwanan 'yan wasa, shi ne kuma ya haɗa ni faɗa da kusan duk wanda nake ƙauna.

Ranar da zan taho, Baba ya rage muryar rediyonsa, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Zango ɗaya na ba ki," ya ce. "In sunanki ya fito cikin waɗanda za su wakilci makaranta a gasar jami'o'i, ban hana ki ba. In bai fito ba, ki kwaso kayanki ki dawo ɗakinki. Karatu daga gida, motar haya safe da yamma. Gudu kuma an rufe babinsa."

Gobe Laraba da azahar Koci, mai horar da mu, za ta aika da sunayen. Ku riƙe wannan.

Wata biyu da rabi ke nan rayuwata iri ɗaya ce. Ƙarfe biyar da rabi na safe ina fili. Ƙarfe takwas ina lacca, gashina bai bushe ba a ƙarƙashin ɗankwali, cinyoyina na rawa a kan benci. Littafina na darasin safe cike yake da layukan da suka fara a miƙe suka ƙare a karkace, inda barci ya ƙwace biro. Litinin da Alhamis ɗakin gwaje-gwaje ne daga biyu zuwa biyar, atisayen yamma kuma ƙarfe huɗu. Na je wa malamin da takardar Koci. Ya karanta ta a tsaye, ya miƙo mini abata.

"Gudu kika zo yi ko digiri?"

"Duka biyun, Malam."

"To ki gaya wa sinadarin ya yi sauri, kina da tsere."

'Yan aji suka kwashe da dariya. Na kai wa Koci amsarsa, ta ce ita ma agogonta ba ya jiran digiri. Tun daga nan nake cire farar rigar gwaji a kan matakala, in ɗaura igiyar takalmi a bakin hanya, in isa fili a makare, in zagaya shi sau biyu a matsayin horo.

Ɗakinmu mai gado huɗu ne, mu uku a ciki. Kyaftin, shugabar ƙungiya, 'yar aji uku, ita ke da gadon ƙasa na jikin taga. Doguwa, aminiyarta, ita ke da ɗaya gadon ƙasan. Ni ina sama, kusa da ƙofa, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Gado na huɗu na akwatunansu ne. Soket ɗaya ne a ɗakin. In na sa wayata a caji na shiga wanka, zan fito in tarar da ita a kan murfin bokiti, dutsen guga a wurinta, babu kuma mai guga. Guruf biyu ƙungiyar take da shi a waya: wanda Koci ke ciki, da wanda ake faɗin gaskiya. Ba na cikin na biyun. Sau uku ana canza lokacin ɗaga ƙarfe a can, in zo ni kaɗai in zauna da kular ruwa, wadda ɗaukarta aikin sabuwa ne.

Laifina ɗaya ne, kuma a rubuce yake. A gwajin makon farko na riga Doguwa da kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Shekara biyu Doguwa ce ke gudun ƙarshe a tseren miƙa sanda, Kyaftin na miƙa mata. Koci ta duba agogo, ta soke suna, ta rubuta nawa. Ba wadda ta yi mini faɗa. Da ma faɗan aka yi.

Sai Injiniya. Abokin Yayana ne tun suna sakandare, shekararsa ashirin da takwas, rigarsa kullum da karin guga, motarsa kullum da ƙanshi. A filin wasa ya fara ganina, ranar da na ci kofin sakandare. Shi ya riƙe mini jaka, ya ce bai taɓa ganin mutum na gudu kamar ƙasa na ƙona shi ba. Ina son shi. Na rubuta wannan don kada ku ce na ɓoye. Gidanmu sun san da maganarmu, Mama har ta fara ce masa "ɗana", tana ajiye masa kofinsa daban.

Tun da na shigo jami'a saƙonninsa suka canza launi.

"Kin ci abinci, Autata?"

"Wa ya ɗauki hoton nan da na gani a shafin makaranta?"

"Wandon nan ba shi da babba?"

"Na zaci gudun nan na sakandare ne, a yi a wuce wurin."

Na amsa na ƙarshen. "A fili ka gan ni."

Ya ce, "Shi ya sa na san irin kallon da ake yi a fili."

Lahadin da ta wuce ya zo mini da tsaraba a cikin kwali mai kintinkiri: takalmi ruwan zinari, mai tsini kamar allura. Na gode masa, na ce Koci ta hana mu sa mai tsini har a gama gasa, saboda agara.

"Koci ta hana," ya maimaita, yana murmushi. "Ashe akwai wadda ake jin maganarta."

Mama kuma kullum bayan magariba sai ta kira.

"Na ga hotonki. Wuyan nan naki ya yi tsawo kamar na zalɓe. Ba a ba ku abinci ne?"

"Ana ba mu, Mama."

"Wace mace ce ke neman ƙwanji? Yaron nan mai haƙuri ne, Auta, amma ko rijiya aka cika ɗiba ƙafewa take yi."

"Na ji, Mama."

"Ba ki ji ba. Da kin ji da kina gida."

Yanzu bari in yi muku bayanin abin da ya kayar da ni, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane sauran ba.

A tseren miƙa sanda mutum huɗu ne, kowacce mita ɗari. Mai karɓa ba ta tsayawa ta jira a kawo mata. Kafin a fara, takan tsaya a inda za ta tashi, ta juya ta auna hanyar da sanda za ta biyo da ƙafarta, dunduniya a jikin yatsa, dunduniya a jikin yatsa, har adadin da aka ba ta. Nan take manna farar filasta a kan layi. Sai ta duƙa tana leƙen filastar ta ƙarƙashin hammata. Da zarar mai kawo sanda ta taka ta, sai ta tashi da dukkan ƙarfinta, daga nan kuma ba waiwaye. Sai ta ji an ce "Hannu!" sannan ta miƙa hannu baya. In filastar ta yi nisa, ta tsere wa sandar. In ta yi kusa, mai zuwa ta hau bayanta.

A sakandarenmu ba a yin haka. Tsayawa muke yi mu waiga, mu karɓa, mu ruga. Ban gaya wa kowa ba. Mako uku da suka wuce Koci ta ce, "Kyaftin, ba ta alamarta," ta wuce wurin masu tsalle.

Kyaftin na ɗaure igiyar takalmi. Ba ta ɗago ba.

"Ashirin da biyar."

"Ashirin da biyar me?"

"Buhun siminti. Taku mana! Wai daga wane rami aka tono mana ke?"

Doguwa ta yi dariya har da tafi. Na so in tambaya ko kowa da nasa adadin. Na haɗiye, don na gaji da zama abin dariya. Na auna ashirin da biyar, na manna filasta, muka gwada, sanda ta shigo hannuna lafiya lau. Mako uku tana shigowa lafiya lau. Na lura Kyaftin ba ta zuwa da wani ƙarfi, kuma ga abin da na gaya wa kaina: ta fara tsufa. Ku rubuta wannan a shafin laifina.

Yau ne gwajin ƙarshe. Rukuni biyu: namu, da na biyu wanda Doguwa ke ƙarasa wa. In muka gama lafiya, sunana ya zauna.

Ƙarfe uku da rabi saƙon Yaya ya shigo: "Muna bakin ƙofa. Baba ya ce mu zo mu gani."

Na fito daga ɗakin canza kaya na hango su a benen 'yan kallo, a layin gaba. Yaya da rigar ofis, katin aiki rataye a wuya. Injiniya cikin farar riga mai dogon hannu da baƙin tabarau, ya shimfiɗa hankici a kan siminti kafin ya zauna.

Ni kuma ga abin da na saka, tunda an mai da shi magana: baƙin dogon wando har idon sawu, gajeren wando shuɗi na makaranta a kansa, riga mai dogon hannu, rigar ƙungiya mai lamba a samanta, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda Mama da kanta ta rage mini a keken ɗinkinta. Fuska da hannu kawai ake gani. A cikin zafin ƙarfe huɗu.

Na je gaishe su.

"Sannunku da zuwa. Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Wannan ce shigar?"

"Ita ce."

Injiniya ya zare tabarau, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi murmushi. "Allah ya ba da sa'a, Autata. Zan ɗaukar miki bidiyo, ki samu abin tunawa."

Na ji daɗi. Wannan ma ku rubuta.

Da na dawo, Kyaftin ta ɗora ƙafa a kan shinge tana miƙe jijiya.

"Sabuwa, wancan mai hankicin naki ne?"

Na duƙa ina gyara igiyar takalmi. Ta ci gaba:

"Ki ce masa ya tanadi na biyu."

"Ai da gani kayansa ya zo ɗauka," in ji Doguwa.

Na wuce kwanar ƙarshe, layi na huɗu. Na auna ashirin da biyar, na manna filasta, na danne ta da babban yatsa. Koci ta ɗaga hannu, ta faɗi lokaci da ƙarfi kamar yadda ta saba, don mai rubutawa ta ji: "Huɗu da minti goma!" Sai usur.

Ta farko ta tashi da kyau. Ta biyu ta karɓa, ta buɗe tazara. Sanda ta shiga hannun Kyaftin, sai na ga abin da ban taɓa gani ba cikin mako uku: Kyaftin tana gudu. Gudu na gaske, kafaɗa a sake, gwiwa na tashi, tana cin kwana kamar an harbo ta daga baka. Ashe ba ta tsufa ba.

Ta taka filasta. Na tashi. A taku na huɗu na ji numfashinta a wuyana. Ba ta ce "Hannu" ba, babu ma wurin cewa. Ƙusar takalminta ta kama dunduniyata ta dama, gwiwarta ta daki bayan cinyata, na tafi ƙasa da gwiwar hagu da tafin hannu. Sanda ta yi tsalle, ta gangara layi na shida tana ƙara kamar gwangwani. Doguwa ta wuce ta gefena.

Kyaftin ta tsallake ni, ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"Kin gani ko, Koci? Ta kafe a hanya kamar turke! Tun farko na faɗa."

Koci ta kusa shekara hamsin, tana ɗingishi daga tsohon ciwon gwiwa, kuma ba ta sauri don kowa. Ta ƙaraso a hankali. Ta duba dunduniyata, ta lanƙwasa mini gwiwa sau biyu, ta ce babu abin da ya karye. Sannan ta bar ni a zaune ta nufi filastar, ta ciro tef ɗin awo daga aljihu.

"Mita shida da kwata," ta ce. "Wa ya sa wannan a nan?"

"Ni ce."

"Taku nawa?"

"Ashirin da biyar."

Koci ta dubi ƙafata. Sannan ta ce, "Doguwa, zo nan. Sa ƙafarki jikin tata."

Doguwa ta zo tana haki, ta ajiye ƙafarta kusa da tawa. Lamba arba'in da uku a jikin talatin da bakwai. Kamar jirgin ruwa da kwalekwale. Wata daga baya ta kece da dariya, ta toshe baki.

"Ashirin da biyar na Doguwa ne," in ji Koci. "Da ƙafarta aka auna shi shekara biyu da suka wuce, a gabana. Mita bakwai da kwata. Ke kin matso da alamarki mita guda cur, kin tashi a makare, dole a hau ki. Ba a aron taku, Sabuwa." Ta naɗe tef ɗin. "Amma mako uku kuna gwadawa ba ku yi karo ba. Da irin gudun yau take zuwar miki?"

Kyaftin na kallon sama kamar mai duban hadari. Ku lura, ba ta yi mini ƙarya ba. An ce ta ba ni alamar gudun ƙarshe, ta ba ni alamar gudun ƙarshe. Ta rage gudu mako uku don kada kuskuren ya fito sai ranar da zai yi amfani. Sauran aikin girman kaina ne ya ƙarasa mata.

Amsar tambayar Koci kalma ɗaya ce, "a'a". Na duba fuskoki goma sha ɗaya da zan ci gaba da ɗaukar wa kula in na zauna.

"Ba na waigowa, Koci," na ce. "Ke kika hana."

Koci ta dube ni, ta dubi Kyaftin.

"To. Gobe ƙarfe bakwai na safe. Kyaftin za ta miƙa wa Doguwa sau ɗaya, ta miƙa wa Sabuwa sau ɗaya. Ni ina tsaye a kan filasta da agogo biyu. In gudun Kyaftin ya bambanta tsakanin biyun, ita ma akwai mai son wurinta. Wadda ba ta zo ba ta cire kanta. Da azahar zan aika da suna."

"Taku nawa zan auna, Koci?"

"Ba kimiyya kike karantawa ba? Lissafa."

Ashirin da tara ne. A kan gadon ɗakin shan magani na lissafa, nas na wanke mini dunduniya da abin da ya fi faɗuwar zafi. Ta ce ba sai an ɗinke ba, amma kwana uku kada in taka da ƙarfi. Na ce na ji. Tana naɗa bandeji Kyaftin ta shigo karɓar ƙanƙara. Ta jira nas ta juya baya.

"Kada ki zaci kin saye ni da shirunki."

"Ban saya ba."

"Shekara biyu Doguwa na tashi da asuba. Mahaifiyarta har ta nemi hutu a wurin aiki don ta zo ta ga gasar nan. Ke kin zo da wata biyu da ɗan guntun daƙiƙa, kin ture ta."

"Ni ma ina da uwa."

"To ki koma wurinta."

Ta ɗauki ƙanƙararta ta fita.

A wurin ajiye motoci na tarar Yaya ya riga ya sa jakata a but ɗin motar Injiniya. Ƙofar baya a buɗe.

"Shiga," ya ce. "Sauran kayan ranar Asabar na zo na kwasa."

"Yaya, ba a fitar da suna ba tukuna. Gobe ƙarfe bakwai za a sake."

"Auta, a kan idona kika faɗi. Me ya rage? Sai an kawo mana ke a kan keken asibiti?"

"Baba cewa ya yi in suna bai fito ba."

"Ga Baban nan," Injiniya ya ce a hankali, ya miƙo mini wayarsa. "Yana kan layi. Ki bi shi a sannu, ransa a ɓace yake."

Baba bai amsa gaisuwata ba.

"Na gani," ya ce. "Na ga yadda kika kife a gaban jama'a, ana tsallake ki. Mahaifiyarki na nan tana kuka. Ki shiga mota."

"Baba, ƙujewa ce kawai. An ba ni gobe da safe…"

"Ban tambaye ki ba."

Ya kashe.

Da kiran ya yanke, fuskar wayar ta koma inda take kafin a kira: hirar Injiniya da Baba. Ban yi bincike ba, a hannuna aka sa ta. Bidiyo ne, daƙiƙa goma sha huɗu, daga inda Kyaftin ta shigo kwana zuwa inda nake ƙasa. A ƙarƙashinsa an rubuta: "Baba ka gani da idonka. Abin da nake ta faɗa ke nan." Lokacin aikawa: huɗu da minti goma sha ɗaya.

An busa usur huɗu da minti goma. Tseren gaba ɗaya ba ya kai minti guda. Da huɗu da sha ɗaya ina zaune a layi na huɗu, jini na jiƙa mini safa, Koci ma ba ta ƙaraso ba. Babu wanda ya san ko ƙafata ta karye. Shi yana rubutu.

A saman bidiyon akwai saƙon jiya Litinin: "Baba a ba ni izini in raka yayanta gobe. In sha Allahu zan kawo maka abin da zai sa a rufe maganar nan."

Na miƙa masa wayar, fuskarta a sama, don ya san na gani. Ya duba. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Don ke na yi."

"Ka tambayi ƙafata?"

"Ga ki a tsaye."

"Lokacin da ka aika ban tashi ba."

"Autata, bar wannan maganar. Matar da za ta riƙe gida ba ta birgima a fili ana mata dariya. Yau gwiwa ce, gobe fa? Ni na gaji da ganin hotonki a wayar abokaina."

"Buɗe but."

"Na'am?"

"Takalmin guduna na ciki."

Yaya ya matso har ina jin hucinsa. "Ke! Wa kike ba umarni? Ashe abin da ake koya muku a nan ke nan? Rashin kunya?"

"Jakata kawai na tambaya, Yaya."

Injiniya ya danna makulli, but ɗin ya ɗaga. Ina jin ya ɗauka ba zan iya ba. Na ɗauki jakar na rataya. Na rufe ƙofar bayan da aka buɗe mini, a hankali, don motar ba ta yi mini komai ba.

"In kika juya," ya ce, "ki san abin da kika zaɓa. Ba zan bi ki ba."

"Ko ka bi ba za ka kamo ni ba."

Mai gadin da ke zaune a bakin shinge ya yi tari, ya kau da kai. Yaya ya kira ni da sunana na yanka, wanda ba ya kira sai ransa ya kai maƙura. Ban waiga ba. Daga nan zuwa ɗaki tafiyar minti huɗu ce. Na yi ta a minti goma sha biyu, kuma ban yi kuka ba sai a kan matakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, inda babu kowa. Ya ɗauke ni kamar minti ɗaya. Na goge fuska da gefen hijabi na ƙarasa.

Kyaftin da Doguwa na zaune a gado ɗaya suna cin biskit. Suka dubi jakar, suka dubi bandejin.

"Au," in ji Doguwa. "Ba a tafi da ke ba?"

"Ba a tafi ba."

"Da wannan ƙafar za ki fito gobe?"

"Ita nake da ita."

Na hau gadona da ƙafa ɗaya da hannu biyu. Ba wadda ta taimaka, ban kuma nema ba. Na buɗe waya. Mama ta kira sau bakwai. Yaya ya rubuta, "Kin ba ni kunya a gaban abokina." Hoton Injiniya ya ɓace daga jikin sunansa, saƙon da na fara rubuta masa kuma na goge shi tun kafin ya kai layi ɗaya.

Sai saƙon Baba. Baba ba ya rubutu a waya, kira yake yi, don ya ce maɓallan sun yi wa yatsunsa ƙanƙanta. Yau ya rubuta: "Gobe ƙarfe bakwai ina bakin ƙofar makarantarku. Ki fito da kayanki."

Tun da aka haife ni ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na daɗe ina kallon rufin ɗaki, wanda daga gadona tazararsa ba ta fi kamu uku ba. Sannan na rubuta:

"Baba, ka yi haƙuri. Kai ka ce sai in suna bai fito ba, kuma sai azahar zai fito. Ƙarfe bakwai ina fili, layi na huɗu. Ba a hana kowa shiga. In aka cire ni, da ƙafata zan shiga mota."

Na aika da shida da minti uku. Ya karanta da shida da minti huɗu. Sau biyu na ga alamar yana rubutu, sau biyu ta ɓace.

Yanzu bakwai saura kwata na yamma. Gwiwata ta fara kumbura, Mama ba ta sake kira ba, kuma Baba bai ce komai ba.